Kuka Zan Yi Ko Dariya?

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Takarda na rubuto don a waya ka fi ni baki, kafin in haɗa magana ka kashe.

Auta ba za ta dawo ranar da muka yi ba. Ga dalili. Shekaranjiya tana taya ni shanya, na ɗaga waya in duba lokaci. Sai ta ajiye bokiti, ta gyara tsayuwa, ta ce, "Gwaggo, kuka zan yi ko dariya?"

Na lallashe ta na tambaya. Ta ce in bidiyon da kake ɗaukarta na kuka ne, hawaye kuma ya ƙi zuwa, a banɗaki kake kulle ta ka kashe fitila. Ta ce ranar ɗauka ba a zuwa makaranta.

Na sa maganarta a littafina yadda ta faɗa, na yi ta karantawa ko ni ce na ƙara gishiri. Ban ƙara ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

Sarkin rubutu,

Lafiyarmu lau. Hutu na kawo miki yarinya, ba kyauta ba. Abin nan wasa ne, jama'a na kallo suna dariya, da shi ake cika mata ciki. Ke da ba ki haifa ba, me kika sani? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani kamfani ya ba mu talla, Asabar za a ɗauka. Ki haɗa mata kayanta, ina tafe.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Gorin haihuwar ya yi min zafi, na daɗe ina tunanin ko gaskiyarka ce. Wataƙila ban san raino ba. Amma na san yarinyar da ba ta iya shiga banɗaki sai na tsaya bakin ƙofa ina yi mata hira.

Na kai ta ofishin kula da yara. Ma'aikaciyar ta saurare ta, kuma za ta zo ranar Asabar, tana son ganinka. Ta tambayi sunan uban, na faɗi naka.

Jiya Auta ta faɗi wajen tsalle, ta yi kukanta, ta share, ta koma wasa. Ba wanda ya ɗauke ta a waya.

Ka zo, gidanka ne, amma ka bar wayar a mota. Jakarta kuwa tana saman kabad, ba zan sauko da ita ba.

Allah ya kawo ka lafiya.
Gwaggon Auta