Sun Hana Ni Sa Wa Ɗiyata Sunan Inna Dije

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah a sakaya sunana. Ku ba ni shawara don girman Allah, na gaji da juya maganar nan ni kaɗai.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Buza, ina aure a Tamaske. Na haihu cikin makon nan, ɗiya mace, ƙanwar ɗanmu Sani, kuma har yanzu ba mu tsai da suna ba. Tun ina da ciki na roƙi maigidana in mace ce a sa mata Hadiza, ya ce ba komai. Hadizar da nake nufi yayar kakana ce, muna ce mata Inna Dije, a ɗakinta na tashi don mahaifiyata ta rasu ina ƙarama.

Labarinta da bakinta ta ba ni, tana kaɗi ina zaune gefenta. Zamanin Nasara ne, shekarar da fara ta cinye hatsi, aka kwashi mijinta aikin tilas na hanya bai dawo ba, iyayenta yunwa ta ɗauke su, aka bar ta da ƙanne biyu ƙanana, ga masu karɓar lanho, wato haraji, ba su san uzuri ba. Ta bar yaran wurin wata tsohuwa ta taka har Madawa, ta sauka gidan magajiya, inda gardawan kumandan da fatake ke zuwa. Ba sai na bayyana muku sana'ar gidan ba. Daga can take aiko gero a kan jaki, da shi ƙannen suka rayu, ɗayansu shi ne kakana. Ta daɗe can, har sojojin da aka kai yaƙin Turawa suka dawo, sannan ta tuba ta auri wani mahauci a Galma. Ba ta haihu ba, da ya rasu ta dawo gida. Ni dai tsohuwa na sani mai yawan azumi, amma ko a gidanmu in ta ba da baya "ta Madawa" ake ce mata. Na taɓa tambayarta ko abin na yi mata zafi, ta ce, "Ɗiyata, waɗanda suka riƙa cire takalmi bakin ƙofata na ga wasunsu da rawani, ba wanda ya taɓa tuna musu. Ni kuwa ko Makka na je ta Madawa ce."

Ba cewa nake abin da ta yi halal ne ba, ita ma ba ta taɓa cewa haka ba.

To ga inda abin ya cakuɗe. Maigidana ɗan ci-rani ne, Abijan yake zuwa. Shekararmu ta biyu da aure na kamu da ciwon sanyi, a likita suka ce sai na zo da shi a yi mana magani tare. Da muka dawo ya zauna ya faɗa mini gaskiya, wai yana zuwa wurin matan da ake biya. Yana da i'ina sosai, ya ce tun yana saurayi in ya je zance 'yan mata sai su riƙa kwaikwayonsa, har ya ɗauka babu macen da za ta so shi don Allah. Abokai suka kai shi can, ya ga in ka biya ba mai yi maka dariya, abin ya bi jikinsa. Ya ce duk ya fito sai ya ji ƙyamar kansa, ya kasa haɗa ido da kowa. Ya yi kuka, ya rantse ya bari, na yafe masa, ban faɗa wa ko 'yar uwata ba. Ko ya bari ɗin, Allah kaɗai ya sani, ni ba na bin sa Abijan. Amma ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Washegarin haihuwa uwar mijina ta ji sunan, ta tambaya wace Hadizar, aka faɗa mata. A gaban matan da suka zo barka ta ce jikarta ba za ta ci sunan karuwa ba, su gidansu ba a san su da wannan ƙazanta ba. Na haƙura, ina jego, kuma uwa ce. Da yamma maigidana ma ya shigo ya ce mu haƙura mu sake wani, kada yarinya ta tashi da tabo. Nan ne na kasa riƙe bakina, na ce masa a hankali, "Baban Sani, irin su Inna Dije su wa ke biyan su?" Cikin i'inarsa da ƙyar ya ce, "Sa abin da kike so." Ya fita, tuwon ma bai ci ba, tun ranar in ya shigo sai ya kalli jaririya ya juya.

Na yi zaton zan ji sanyi, ban ji ba. Sirrin da ya ba ni amana na ɗauka na soke shi da shi, mutumin da dama bai ɗauki kansa a bakin komai ba. In na sa sunan, na san ba yarda ya yi ba, kunya ce ta rufe masa baki, kuma shi zai tsaya gaban mahaifiyarsa ba shi da hujjar da zai iya faɗa. Ita ma yarinyar a gidan za ta tashi, ina tsoron kakarta ta riƙa goranta mata abin da ba ta sani ba. In kuma na janye, mahaifina ya riga ya sanar da dangi, ya ce ko bai bar komai ba ya ga an mai da sunan gwaggonsa. Da wane baki zan ce masa mu da muka rayu da geronta mun ji kunyar sunanta?

Wata zuciyar na ce mini in je in faɗa wa uwar mijina wane ne ɗanta, amma na san a ranar nan aurena ya mutu, shi kuma ba zai ƙara ɗaga kai a garin nan ba.

Don Allah iyayena da 'yan uwana, in tsaya kan sunan ko in bari? Kuma shi, ni ce zan ba shi haƙuri kan abin da na faɗa, ko gaskiya ce da dama ya kamata ya ji? Liman na jiran a ba shi suna, ni kuwa ko barcin kirki ba na yi.