Ana Sallar Goggo Ina Raba Shayi

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya Libreville, ya iyali, ya ƙafar Anti Rabi? Ya ƙarin haƙurinmu?

Ina filin jirgin Nsimalen aka bugo min cewa Goggo ta cika. Na roƙi shugabanmu, ya ce babu mai canjina, in shiga jirgin Garoua. Ana sallarta a unguwar Briqueterie, ni ina sama ina raba wa fasinjoji shayi da murmushi.

Ƙungiyarmu ta ma'aikatan jirgi ta kai kuka wurin manyan kamfani: mu Musulmi ba ma ajiye gawa, in an yi mana rasuwa a riƙa sakinmu nan take. Wai za su duba. Su duba me, Yaya? Matar da ta goye ni, ko fuskarta ban gani ba.

A sa mu a addu'a. Gaida yara.

Ƙanwarka,
Hadiza