Idon Baba da Baƙin Man Tarakta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raya yara. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har ta koma faɗan da ta saba da kaji. Ni dai ce na kasa zama wuri ɗaya tun makon jiya.

Ka san halin Baba da tsohon baƙin mai, ba ya yarda a zubar. Yana tara shi a duro a bayan rumfa har dattin ya kwanta, ya kwashi na sama, ya tace da ƙyalle, ya mayar wa tarakta. To ran Talata yana tsakiyar huɗa sai injin ya fara ƙara kamar ana daka, ya mutu. Dogo makanike ya zo ya kwance ƙasan injin, abin da ya zubo kuwa sai ka ce laka. Ya wanke hanyoyin man da man wanki, ya tsiyaye, ya sake, ya canza filta, yana yi yana tsiya wai ko kunu Baba yake ba taraktar. Ta tashi, alhamdulillahi, kuma ya ce ta tsira da ƙyar.

Amma Yaya, da na je gyara rumfar sai na tarar da jarkar man da Baba ya tace tana nan cike, ba a taɓa ta ba. Ta dattin da ya ware don shafa wa katako ce babu komai a ciki, ashe ita ya zuba wa taraktar. Mutumin da ke gane mai da kallo ɗaya! Sai abubuwa suka yi ta dawo mini: yadda yake laluben mazurari, yadda ya daina duba sandar awon mai sai dai ya murza tsakanin yatsu. Da na yi masa zancen asibitin ido, ya ce mini idonsa ya fi nawa, in je in ji da girkina.

Shuka ta matso, maƙwabta suna jiran ya yi musu huɗa, kuma hanyar gonar nan yara ne ke bi. Kai kaɗai yake jin maganarka. Don Allah ka zo, kada ka ce sai bayan damina. Yau da safe ya hau tarakta, ya daɗe riƙe da sitiyari bai motsa ba, sannan ya kira ni a hankali, yadda Inna ba za ta ji ba, ya ce in tsaya a bakin ƙofa in gaya masa ko akwai kowa a hanya. Na tsaya, na ce babu kowa. Gobe ma zan tsaya, amma ba zan iya bin sa har gona ba.

Ka gaishe mini da matarka, da Gwaggo, da 'yar autarku. Inna tana gaisuwa, ita ba ta sani ba tukuna.

Taka ƙanwa.