Rigar da Ba Ta da Bakin Hannu

Ta yi magana, 'yata. Amaryata ta buɗe baki ta ce Amin, ina zaune a shago, da kunnena na ji.

Ki gafarce ni, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Yaya jikin maigidanki, yaya kuma zaman jinya? Allah ya ƙara masa sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar mamarki da kika sani.

Tun ranar da kika kawo mana yarinyar nan kika wuce asibiti, raina bai kwanta ba. Jikata guda, sai wulwula yatsu take kamar mai korar ƙuda, yaran layi suna kwaikwayonta. A sujada kowa na waƙa, ita tana kallon rufi. Na shiga azumi, na roƙi Ubangiji hikima, gama ya yi alkawarin bayarwa ga mai roƙo. Amsa ta same ni a shago, ƙafata na kan keken ɗinki. Na tuna ajin yamma, inda na koyi karatu da furfura a kaina. Muddin akwai mai karanta mini takarda ban koyi komai ba, sai da na rasa shi. Na ce ashe hannun nan ne ya hana bakin yarinyar aiki.

Sai na yanka yadi mai kyau, mai furanni, na ɗinka mata riga. Hannuwan rigar ba su da baki, na kuma haɗe su da jikin rigar har ƙugu, maɓallai a baya. Ba ta matse ta ba, kin san aikin mahaifinki. Makarantar kurame kuwa na dakatar. Malamarsu ta zo har gida tana ta bayani, na ba ta ruwa ta sha, na raka ta bakin titi.

Da farko an sha fama. Ta yi ta birgima, ta ciji kafaɗar rigar har ta huda, na sake ɗinki da zare biyu. Lokacin cin abinci nakan ajiye kwano a gabanta, in yi addu'a, in kama haɓarta ta dubi leɓena, in jira. In ba Amin, in ɗauke kwanon. Mamarki ta yi kuka, ta ce ba ni da tausayi. Na kama ta a ɓoye tana ba yarinyar abinci a baki, tana mata alamun nan da kika koya mata, sai na koma tafiya da yarinyar shago. Ni ma zuciyata ta yi ciwo, kada ki ce ba ta yi ba. Amma mai haƙuri yakan dafa dutse.

Jiya da rana ta daɗe tana duban kwanon, sannan abin ya fito. Muryar ta yi kauri, ƙarshen kalmar bai fita sosai ba, amma Amin ce. Na durƙusa a tsakiyar ƙyallaye na yi godiya.

Ta ɗan rame, kada ki tsorata. Ta kuma natsu ƙwarai. Da, tana ganin hotonki sai ta taɓa kumatu da yatsa, alamar Mama. Yanzu ko an cire rigar za a wanke, hannuwan suna nan kwance a cinyarta. Wannan dariyar tata mai ƙara ma ta daina.

Fasto ya ba ni dama in ba da shaida ran Lahadi, zan tsayar da ita a gaban jama'a. Ba za ta karya ba da safe, don bakin ya buɗe da wuri. Ki samu mai zama da maigidanki ki zo. Abu guda nake roƙo: in ta sheƙo gare ki, ki riƙe jakarki da hannu biyu, kada ki amsa mata da yatsa ko ɗaya, ki ɓata mana aiki. Ki faɗa wa surukanki da yayyenki da maƙwabta, duk mai ƙafa ya zo ya ga abin da Ubangiji ya yi.

Mamarki ba ta ce in gaishe ki ba, amma na san tana gaisuwa. Allah ya kawo ki lafiya.

Ni ne mahaifinki,
Baba Tela