Inda Hannu Ba Ya Kaiwa

Unguwar Boro, Kaduna
4 ga Maris

'Yata Damaris,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya Akwanga, ya maigidanki da yara, ya koyarwa? Na ga kiranki har sau shida. Kin san tun da injinan masana'antar Kudenda suka cinye mini kunne ba na jin magana a waya. Da can mamanki ce take ɗauka ta faɗa mini. Shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Ƙaiƙayin da ya fara mini bayan jana'izar mamanki bai tafi ba. Fatar takan yi ja, ta bushe, ta riƙa zuba kamar dusa. A asibiti sun duba, suka ce ba a ɗauka. Likitar, yarinya sa'arki, ta rubuta mini a takarda: "Baba, da wa kake hira a gida?" Na ce mata magani na zo nema. Ta ba ni man shafawa.

Kada ki damu, ina cin abinci.

Mahaifinki,
Istifanus

Akwanga
11 ga Maris

Babana,

Ina gaishe ka da kyau. Yara suna tambayar kakansu kullum.

Baba, ba ka faɗa mini duka ba. Na kira Mama Peace ta zumuntar mata, ta ce mako biyar ke nan ba a gan ka a coci ba. Ta ce abokinka Baba Ishaku ya zo ƙofarka sau uku, ba ka buɗe ba.

Likitar nan ba raina ka ta yi ba. Abin da mutum ya haɗiye a zuci yakan fito masa a fata. Ka taho wurinmu, akwai ɗaki. Kana shafa man kuwa?

Allah ya ba ka lafiya.

'Yarka,
Damaris

Unguwar Boro
20 ga Maris

'Yata,

Na gode da gaisuwa. Da farko na so in ce miki ban ji bugun ƙofa ba. Gaskiya na hango Ishaku ta taga, na zauna shiru har ya tafi.

Ranar da na je coci ta ƙarshe, da fasto ya ce a gaisa, na miƙa wa wani hannu. Ya dubi wuyan hannuna, ya sa nasa a aljihu. Ban ga laifinsa ba.

Man ya yi aiki a hannu da wuya. Baya ne ya fi muni, don hannuna ba ya kaiwa. Na naɗa tsumma a muciya na gwada, sai na ƙara yi wa kaina rauni. Shekara talatin da huɗu mamanki tana shafa mini man kaɗanya bayan wanka, bakinta dab da kunnena na dama, tana ba ni labarin unguwa. Na lissafa, tun da kuka rungume ni a makabarta, wata bakwai, ba wanda ya taɓa jikina sai likita, ita ma da safar hannu.

Ba zan zo ba tukuna. Idan na kulle gidan nan, ji zan yi kamar na sake binne ta.

Ki gaida maigidanki.

Mahaifinki

Akwanga
23 ga Maris

Baba Ishaku,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya da iyali. Ka yi haƙuri da abin da zan roƙa. Ba zan sami hutu ba sai Ista ta wuce. Abokinka yana da ciwo a baya, ba mai shafa masa magani, kuma ba zai taɓa buɗe baki ya nema ba. Ba a ɗauka. Kada ka tsaya buga ƙofa. Ka zaga ta baya, sakatar kicin ta lalace.

Allah ya saka.

'Yarka,
Damaris

Unguwar Boro
6 ga Afrilu

Damaris,

Gaisuwa. Ke kika aiko Ishaku, na sani. Ina zaune sai na gan shi a kaina, ya ɗauki kwalbar, ya nuna mini in cire riga. Hannunsa kamar dutsen guga. Da ya fara, kuka ya ƙwace mini. Bai tsaya ba, bai kuma leƙo fuskata ba.

Yana zuwa Talata da Juma'a. Yana ta surutu a bayana, ba na jin ko kalma ɗaya, amma ban faɗa masa ba. Fatar ta fara lafawa.

Sauran kwana biyar ɗin har yanzu suna da tsawo. Idan kin tashi zuwa, ki zo da yaran.

Mahaifinki,
Istifanus