Ƙwaryar da Ban Iya Kifawa Ba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Yau wata bakwai da kwana goma sha ɗaya da rasuwarki. Na ƙirga sau biyu kafin na rubuta.

Sakamakonmu ya fito, na gama jami'a. Kundin binciken da kika riƙa ganina a kansa, na bikin rawar mutanen tsibiran Hawaii ne, wadda suke kira hula da harshensu. Duk shekara ake bikin. Ƙungiyoyi kan zo, kowace da malaminta. A tsohuwar rawar, malamin kan zauna a ƙasa yana buga duma da tafin hannu yana rera waƙa, masu rawa suna kwatanta ruwan sama ko teku da hannuwansu. An taɓa hana ta, tsofaffi suka riƙe ta a gidaje har ta dawo. Kowane bayani sai da na duba shi a wuri uku. Da aka ce na ci, ban ji komai ba.

Na taɓa nuna miki bidiyon a tsakar gida kina gyaran zogale. Kika dubi matar da ke buga duman, kika ce, "Wannan hannun ya sha biki." Kika koma kan zogalenki.

Tun kafin a haife ni kike kiɗan ƙwarya a bukukuwan matan cikin birni. Ban taɓa zama gefenki ba. Kullum ina da jarrabawa.

Asabar da ta wuce aka yi bikin Rabi ta gidan Gwaggo Asabe. Bayan la'asar mata suka kawo bahon ruwa da ƙwaryarki suka ajiye a gabana, tunda ni ce 'yar mai ita. Na kifa ta, na buga. Ta zame ta juye, ruwa ya jiƙa zannuwan mutane. Hajiya Ladi, abokiyar kiɗanki, ta karɓa, ta ɗan karkata bakin ƙwaryar iska ta fita, sannan ta buga. Sai ga sautin da na tashi ina ji. Ban yi kuka ba. Na zauna ina kallon hannuna.

Gwaggo ta ce in ba zan koya ba, a bai wa wadda za ta buga, don ƙwaryar da aka rataye bushewa take ta tsage. Ta ba ni zuwa Juma'a. Saura mako biyar in tafi bautar ƙasa.

Yau da hantsi na ɗauki ƙwaryar na tafi unguwar Ƙofar Gayan wajen Hajiya Ladi, da littafi da biro. Ta ce in bar su a zaure, wai ke ma, Inna, ba da biro kika koya ba. Na tambaye ta iska nawa ake saki. Ta yi dariya har da tari, ta kama wuyan hannuna ta danna.

Har azahar ina kifawa. Sau ɗaya ta yi amo. Sau ɗaya tak, Inna, ba zan ƙara miki ba. Na aika wa Gwaggo cewa ƙwaryar tana hannuna. Ban san ko mako biyar zai isa ba. Gobe ma zan koma.

Ki yafe mini jinkirin, Innata. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata shi, Ya haɗa mu a Aljanna.

'Yarki,
Hadiza