Muryata a Bakin Firdausi

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

A cikin adaidaita sahu na ji ta. Na taso daga Mandawari zan je Kwari sayen zare, direba ya kunna waƙa, sai ga muryata. Waƙar da na rera a sutudiyon Ɗalha tun kafin Babbar Sallah, ta sabon fim ɗinsa. Daɗi ya kama ni har na toshe baki da mayafi. Sai wata yarinya kusa da ni ta ce wa ƙawarta, ashe Firdausi ban da iya fim har waƙa ta iya. Na ce wace Firdausin? Ta miƙo min wayarta. Ga jarumar fim ɗin ta sha jan baki, a ƙasan hoton an rubuta: waƙa da murya, Firdausi.

Ban sayi zaren ba. Gida na juyo.

Talata, 8 ga Oktoba

Na je na sami Ɗalha. Ko tashi bai yi daga gaban fiyanonsa ba. Wai ai ni da bakina na ce kada ya rubuta sunana saboda Baba. Haka ne, na faɗa. Baba limami ne a layinmu, har yau a tunaninsa ɗinki nake kai wa mutane duk ranar da na fita. Amma cewa na yi kada a sa nawa, ban ce a sa na wata ba.

"Zaituna, fim fuska yake so," in ji shi. "Murya ba ta da fuska."

Na tuna masa karin waƙar ma ba nasa ba ne. A bakin kakata 'Yardada na ɗauko shi, wanda suke yi da shantu tun tana amarya a Ƙofar Mata, ni na ɗora masa baitoci. Sai ya ce to ai kiɗan nasa ne. Kiɗan da maɓalli ɗaya yake dannawa ya fito.

Allah ya isa. Na faɗa a gabansa, na kuma faɗa a nan.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na kasa ɗinki, na kunna rediyo, aka yi sa'a ko rashinta ana shirin nan da masu sauraro ke bugo waya suna zaɓen waƙoƙin fim da suka fi so. Da ni aka tambaya, tsofaffin zan zaɓa, na zamanin kaset. Waɗanda in an yi mutuwa a fim sarewa kaɗai za ka ji, siririya, ba mai cewa komai, amma sai ka ga mata suna share ido. Da waɗanda ake sa kalangu na gaske, kana jin yatsun mutum a kan fata. Ko na Indiyan da Yaya Mero take kunna mana muna yara, ba ma jin ko kalma ɗaya, amma a nan na koyi inda ake ajiye numfashi. Na yanzu duk ganga ɗaya ce aka raba musu.

Tawa ce ta zo ta ɗaya. Ta ɗaya, a Kano kaf.

Sai aka kira Firdausi a waya. Mai shirin ya tambaye ta yadda waƙar ta zo mata, ta ce wai ana ruwan sama ne tana zaune bakin taga. Bakin taga. 'Yardada tana kwance a kan tabarma tana jinta, ta ɗago ta ce, wannan yarinya ko 'yar unguwarmu ce, ta san waƙarmu? Na ce ban sani ba, Dada. Na shige ɗaki.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Mai cajin waya na bakin layi ya kunna waƙar tun safe. Yara suna amshi. Kamar a ɗaure ka ana cin tuwonka a gabanka.

Laraba, 16 ga Oktoba

Umar ɗan Gwaggo ya kawo shaddar matarsa a ɗinka. Shi kaɗai ya san sirrina a dangi, shi ya fara kai ni wajen Ɗalha. Cikin hira ya ce shi aka ɗauka DJ a kamun 'yar Alhaji Mailafiya a Ƙofar Mazugal, kuma an gayyaci Firdausi ta rera waƙar. Na ce da wane bakin? Ya ce mamin za ta yi mana, za a kunna waƙar, a ba ta makirufo a kashe, ita motsa leɓe kawai.

Har yanzu ina da kiɗan zalla a wayata, wanda ba murya, da Ɗalha ya turo min in yi bita. Na ce wa Umar wannan zai kunna maimakon waƙar, ya kuma buɗe mata makirufo. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba. Ya ce abincinsa ne fa. Na ce ya ce kuskure ne, wa bai taɓa danna abin da ba shi ba?

"Yaya Zaituna, wannan ba halinki ba ne."

Na ce to yanzu ya zama.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Umar ya yarda. Ɗalha ya taɓa wulaƙanta shi a gaban mutane, ashe bai manta ba. Na tura masa kiɗan.

Talata, 22 ga Oktoba

Na ɗinka wa kaina sabuwar atamfa, shuɗiya. Uwar amarya kwastomata ce, ita ta ce lallai in zo. A layin gaba zan zauna. So nake in ga idon Firdausi lokacin da za ta buɗe baki ta ji ba kowa a ciki.

Asabar, 26 ga Oktoba

An yi.

Bayan la'asar Firdausi ta iso, mata suka miƙe da wayoyi, ana ta guɗa. Ba ta kai tsayin da take a fim ba, kuma yarinya ce, sa'ar ƙanwata ta biyu. Umar ya kunna. Kiɗa ya zagayo inda murya za ta shigo, ta buɗe baki, ta ɗaga hannu kamar yadda take yi a fim, shiru. Numfashinta kawai ya fita a sifika. Ta waiwayi Umar, ya sunkuyar da kai yana taɓe-taɓe. Kiɗa ya sake zagayowa.

Na ɗauka guduwa za ta yi. Sai ta fara rerawa da muryarta. Dusasshiya, tana rawa. Baiti na farko ta lallaɓa, na biyu ta bi ta ƙasa, a na uku inda ake hawa numfashi ya yanke mata, muryar ta tsage. Wata daga baya ta ce, au, ashe aro ne. Dariya ta ɓarke. Masu liƙi suka koma kujerunsu. Ita kuwa ta tsaya sai da ta kai ƙarshe, kwalli yana zubo mata, sannan ta ajiye makirufo a kan tebur a hankali ta fita.

Na ci shinkafar biki har da ƙari. Ta ji abin da na ji.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Bidiyon ya zaga gari. Har an haɗa shi da kukan akuya. Na kalla, na sake kalla.

Talata, 29 ga Oktoba

Ɗalha ya fito a bidiyo da fararen kaya yana cewa shi ma yaudararsa aka yi, faifan aka kawo masa a haɗe. Ya cire Firdausi daga fim na gaba. Da azahar kuma ya kira ni, murya kamar zuma, wai akwai sabuwar fuska da zai fito da ita, in zo mu yi waƙa biyu. Na kashe wayar.

Ko ƙwarzane bai samu ba. Umar kuma an fasa ɗaukarsa a wani bikin, matarsa ta aiko aka karɓi shaddar ba a ɗinka ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Firdausi ta zo gidanmu. Da hijabi har ƙasa, ba kwalliya, sai da ta yi magana na gane ta. Ta gaida Baba a zaure a matsayin mai kawo ɗinki. Wani mai aiki a sutudiyon ne ya faɗa mata sunana.

Ban ba ta tabarma ba, a bakin ƙofa ta tsuguna. Ta ce Ɗalha ce mata ya yi mai muryar ta yafe, ba ta son a san ta, kuma maganar ruwan saman nan shi ya tsara mata. Na ce ko shi ya tsara, ai bakinki ne ya faɗa. Ta ce haka ne. Ta ce mahaifiyarta ta daina zuwa Islamiyya saboda nuni da ake yi mata.

"Ki yafe min, Anti. Na san ba tawa ba ce, na karɓa, don daɗin da ta yi min."

Ba ta san ni ce na sa Umar ba. Ko ta sani ta ƙi faɗa, ban gane ba. Da za ta tafi ta tsaya ta ce ta yi ta gwada baiti na ukun nan a ɗaki, har yau ta rasa inda ake shan iska. Ta bar yadi a kan keken ɗinki, wai a yi mata doguwar riga.

Talata, 5 ga Nuwamba

Shi Ɗalha ban gama da shi ba, ko da sai na faɗa wa Baba komai da bakina in fito fili. Ina tunanin hakan. Na goge bidiyon, wayar ce ta cika.

Na yanka rigar. Na aika mata ta zo jibi a gwada, lokacin Baba yana wajen karatu. Gwaji ne kawai. In ta sake tambayar baitin nan zan nuna mata, kafin kalma ta huɗu ake jan numfashi, ba bayanta ba. Don kada ta ƙara ɓata min waƙa ne, ba don komai ba.